Na ba ɗan ƙanwata jirgin maigida ya karya, kuma na bar laifin a kan ƴar aiki

Saƙon da ya shigo mana wannan satin daga wata baiwar Allah ne a Kaduna, tace a kira ta Maman Iman. Na taƙaita shi dan ya yi tsawo sosai, amma ban canza mata magana ba.

"Anti dan Allah ki bani shawara. Shekararmu 9 da aure, yara uku. Maigida ma'aikacin gwamnati ne, baya shaye shaye baya yawon dare, matsalarsa ɗaya ce, haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. Yana yin odarsu daga waje a kwali, ya zauna bayan isha'i yana mannawa yana fenti har ɗaya na dare wani lokacin, ɗakin baƙinmu ya zama gareji. Watan jiya ina neman wani abu a wayarsa naga alat na naira 185,000 kuɗin kwali ɗaya da fenti, alhali ya ce min a ɗan jira da cikon kuɗin makarantar Iman. Na hau saman wadrob na ƙirga kwali 14 da ko buɗewa bai yi ba. Raina ya ɓaci amma ban ce komai ba. Ran Asabar ƙanwata ta zo da ɗanta mai shekara huɗu yana ta kuka yana nuna wani babba da ya gama kwanan nan, wai shi F-14, na ɗauko na miƙa masa, a raina nace ai abin wasan yara ne dama. Kafin minti biyar ya karya fiffike ɗaya da tayoyi, gilashin saman ya tsage. Da ya dawo nace faɗowa ya yi lokacin shara. Ya yi wa yarinyar da ke tayani aiki faɗan da ban taɓa ji ya yi ba, ta yi ta kuka tana rantsuwa, ni kuma na yi shiru. Yau kwana takwas, daga gaisuwa ba wata hira, ya rufe ɗakin da kwaɗo. Ni ce da laifi ko shi? Kuma wai namiji ɗan shekara 40 da wannan abin lafiya kuwa?"

Toh Maman Iman, sannu. Na karanta saƙonki sau uku, kuma kafin mu je ga jirgi da maigida da naira 185,000, akwai wadda kika ambata a layi ɗaya kika wuce da sauri kamar kin taka garwashi, ita ce yarinyar nan. Ƴar mutane da aka kawo miki amana, ta tsaya tana rantsuwa da Allah akan abinda bata yi ba, ke da kika san gaskiya kina tsaye. Wannan shi ne abu mafi nauyi a cikin duk wasiƙar, ya fi jirgin, ya fi kuɗin. Jirgi roba ne ana gyarawa, amma yarinyar nan yanzu ta koyi cewa a gidanki rantsuwarta bata da daraja, kuma kinsan ba ta da wanda zata kaiwa ƙara. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kira ta gefe ki ce mata kin san ba ita bace, ki nemi yafiyarta da bakinki, kar ki saya mata atamfa ki ɗauka shikenan an biya. Atamfar ma ki saya in kina da hali, amma bayan maganar.

Sannan ki sani ƙaryar nan bata da ƙafa. Ƙanwarki tana wurin, yaron ɗan shekara huɗu yana wurin, kuma yara a wannan shekarun su ne gidan rediyon dangi, ranar da za'a haɗu a wani suna ko biki ya hango Baban Iman ya ce "Abba ina jirgin da Mami ta bani" ya zaki yi da fuskarki? Gara ya ji daga gareki.

Yanzu bari in faɗa miki abinda kika miƙa wa yaron, dan daga yadda kika rubuta na gane har yanzu kallon motar roba ta kasuwar barci kike masa. Ni na tashi da irin wannan a gidanmu. Yayana, Allah ya jiƙansa, makanikin jirgi ne a rundunar sojan sama, in ya zo hutu da kwalayen irin waɗannan jiragen na kamfanin Airfix yake zuwa, ya shimfiɗa jarida a tabarma, ya hana kowa motsi. Mu ma dariya muke masa, Innarmu tana cewa soja guda da wasan ƴar tsana. Sai da na girma, ɗana na biyu ya gaji abin, na zauna na ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe, sannan na daina dariya.

Abinda ke cikin kwalin nan ba jirgi bane, gutsattsarin roba ne ruwan toka a manne jikin wasu firam, ɗaruruwa, wasu basu kai ƙwayar shinkafa ba. Kowanne sai an yanke shi a hankali, a goge bakinsa da samfefa, a gwada shi a busashe a ga ya zauna, sannan a sa gam. Gam ɗin ma ba irin namu na manna takalmi bane, wani ruwa ne da ke narkar da fuskar robar ta haɗe da ƴar uwarta ta zama abu ɗaya, shi yasa in ka ɗiga shi inda bai dace ba ko yatsanka ya taɓa, shatin yatsan ya zauna kenan. Daga kujerar matuƙi ake farawa, ana fentin maɓallai da agogunan gaban matuƙi da burushi mai gashi uku huɗu, abinda in an rufe jirgin da ƙyar ma wani zai hango shi. Sai a haɗa gangar jiki, a cusa ɗan ƙarfe ko dalma a hanci dan kada jirgin ya zauna da wutsiya in an tsayar da shi kan tayoyinsa, sai a cike duk wata tsaga da wani abu kamar bodi fila na masu gyaran jikin mota, a goge, a sake cikewa, a sake gogewa, in layukan jikin jirgin sun shafe a sake zana su da tsinin allura. Duk wannan ba'a zo fenti ba fa. Fentin feshi ake yi da ɗan ƙaramin bututu da kwamfuresa, shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe, kuma ke kinsan Kaduna da hunturu, ƙura ɗaya ta sauka kan ɗanyen fenti aikin dare biyu ya tashi, da damina kuma danshi ya sa fentin ya yi hazo, ga wuta da za'a ɗauke ana tsakiyar feshi. Bayan nan sai sitika, wadda ake jiƙawa a ruwa ta zame daga takarda a ɗauke ta da matsefata, jirgin zamani ɗaya yana iya cin sama da ɗari, ƙananan rubuce rubucen gargaɗi da ke jikin jirgin gaske duk sai an sa. Daga ƙarshe a bi shi da dabarun da za su sa ya yi kamar ya sha aiki, ɗan baƙin hayaƙi a bayan inji, ɗan zuban mai, koɗewar rana.

Shi F-14 ɗin da kika ce, Tomcat ake ce masa, jirgin sojan ruwan Amurka ne mai kujera biyu da inji biyu, ya fara tashi a 1970, Amurka ta ajiye shi a 2006, ƙasa ɗaya tal ta saya bayan su, Iran, tun zamanin sarkinsu Shah. Abinda ya sa masu wannan sana'a suke mutuwar sonsa fiffikensa ne, yana buɗewa in zai sauka ko tashi, yana naɗewa baya in zai yi gudu. Na gaske tsawonsa mita 19 da ɗoriya, tunda kince babba ne ina kyautata zaton sikelin 1/48 ne, wato an rage komai sau 48, sai ya dawo wajen santimita 40. In na kamfanin Tamiya ne na Japan da suka fitar a 2016, to da kuɗin jirgi da na kwastan da yadda dala take, adadin da kika gani a alat bai bani mamaki ba. Mai aikin gwamnati da sai bayan isha'i yake samun zama, irin wannan zai ci masa wata uku zuwa huɗu. Ki ɗauka ke ce kika yi wata huɗu kina saƙa ko ɗinkin hannu na wata hula ko zanen gado, kina tashi da ciwon wuya, ranar da kika gama ya ɗauka ya ba mai wankin mota ya goge taya da shi, ya ce ai tsumma ne dama. To haka.

Kuma ki faɗa wa kanki gaskiya, ba dan yaro yana kuka kika bashi ba. Yara nawa suka yi kuka a gidan nan cikin shekara 9 baki taɓa miƙa musu ba? Alat ɗin nan ne ya miƙa jirgin, hannunki kawai ya ara. Haushi ne da kika haɗiye wata guda ya nemi hanyar fita. Ban ce ke muguwa bace, duk macen da aka ce mata a jira da kuɗin makaranta sannan ta ga haka sai cikinta ya juya. Amma in zaki bashi haƙuri kar ki je da "ban san yana da muhimmanci ba", kin sani, shi yasa kika zaɓi babban.

Tambayarki ta ƙarshe kuma, wai lafiya kuwa. Lafiya ƙalau. Abin nan manya ne suka fi yinsa a duniya ba yara ba, kuɗinsa da haƙurinsa ma sun fi ƙarfin yaro. A Ingila duk watan Nuwamba akwai taron da suke yi a garin Telford, dattawa masu furfura kowa da nasa a tebur ana gasa, a Japan kuma garin Shizuoka inda kamfanin Tamiya yake duk shekara sai an yi bikin baje koli. Kuma asalinsa ma ba wasa kaɗai bane, a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu sojan ruwan Amurka sun nemi ƴan makaranta su sassaƙa musu ƙananan jirage 500,000 a sikelin 1/72, dan a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba daga nesa kafin su harba. A shi 1/72 ɗin, ƙafa shida, tsayin namiji dogo, tana dawowa inci ɗaya daidai. Mu ne dai a nan duk abinda namiji zai yi da hannunsa in ba kuɗi yake kawowa ba sai mu ce rashin aikin yi ne. Mai kiwon tattabaru mun saba da shi, mai doki mun ma girmama shi alhali dokin yana cin abinda ya fi kuɗin makarantar yara biyu, mai kwana a gidan kallon ƙwallo ko majalisa har sha biyu ba mai tambayar lafiyarsa. Naki yana gida, ƙofa ɗaya tsakaninku, kin san inda yake da abinda hannunsa ke taɓawa. Mata da yawa da ke rubuto min da za su samu wannan matsalar da sadaka za su yi.

Amma kar maigida ya ji wannan ya miƙe ƙafa, dan nasa yana nan zuwa.

Mutum ya ce a jira da kuɗin makarantar ƴarsa sannan ya tura 185,000 ƙasar waje dan roba, wannan kuskure ne, ba wani lanƙwasa harshe. Ci da sha da sutura da karatun yara wajibi ne a kansa, jirgi kuwa sha'awa ce, kuma ba'a gina sha'awa a kan wajibi. Kwali 14 ɗin nan kuma ciwo ne da duk masu wannan harkar suka san shi, har dariyar junansu suke yi a kai, saye ya fi haɗawa sauƙi da daɗi, ka ga an yi ragi ko an ce za'a daina fitar da wani sai ka ce bari in ajiye, kafin ka ankara saman wadrob ya cika. Yi lissafi da kanki, in kowanne zai ci wata uku, kwali 14 aikin shekara uku da rabi ne yana ajiye a sama. Wato ko sisi bai ƙara kashewa a sabon kwali ba har Iman ta kusa gama firamare ba zai rasa abin yi ba, fenti da gam kawai zai riƙa saye.

Abinda nake so ki duba shi ne me yasa yake ɓoyewa. Na san amsar dan na gani a gidanmu. Yayana in ya sayi kwali cewa yake wani ofisa ne ya bashi, dan ya gaji da gori. Namijin da duk ranar da ɗan saƙo ya kawo kaya sai ya ga an taɓe baki, an ce "an kawo wa jariri kayan wasansa", a gaban yara ko gaban ƴan uwanki, zai koyi shigo da kwali ta bayan but ɗin mota da dare. Daga ɓoye kwali sai ɓoye farashi, daga nan kuma ba mai taka masa birki dan ba wanda ya san nawa ke fita. Ban ce ke kika sa shi ba, babba ne, shi ya zaɓa. Amma gorin nan da ɓoyon nan suna ciyar da juna, ke kina gori dan yana ɓoyewa, shi yana ɓoyewa dan kina gori, kun shekara nawa a haka Allah kaɗai ya sani, sai ga shi ya fashe a kan yarinyar da ba ruwanta.

To ga yadda nake ganin za ki bi, kuma dan Allah kar ki haɗa biyun rana ɗaya.

Na farko maganar jirgin ita kaɗai. Ki bari yara sun yi barci, ya ci abinci, ki zauna kusa ki ce "Baban Iman akwai abinda na yi maka kuma na ƙara da ƙarya. Ni na ɗauki jirgin na ba yaron, ba faɗowa ya yi ba, yarinyar nan bata taɓa shi ba. Raina ne a ɓace da kai akan wata magana, maimakon in faɗa maka sai na huce a kan abinda na san kana so. Ka yafe min." Ki tsaya nan. Zai tambaya wace magana, ki ce zaki faɗa masa amma ba yau ba, dan ba kya so ya zama kamar kina kare kanki. In kika ce "ka yafe min amma kai ma ai" to kin ɓata duka biyun, haƙurin bai karɓu ba, maganar kuɗin kuma ta zama ramuwa. Zai yi fushi, wataƙila fiye da na yanzu, dan yanzu haushin tsautsayi yake ji, lokacin kuma zai ji na ganganci. Ki bashi kwana biyu uku. Kuma ki roƙe shi shi ma ya kira yarinyar ya bata haƙuri, ba ya rage masa komai, da hannunsa a ciki ko da bai sani ba.

Game da gawar jirgin, in baki zubar da gutsattsarin ba kar ki zubar, in an share ki duba ƙarƙashin kujeru da cikin kafet, duk ɗan abinda kika gani ruwan toka ko fari komai ƙanƙantarsa ki sa a leda ki ajiye masa. Kuma ina roƙonki kar ki ce zaki gyara da supa gulu ki bashi mamaki. Tururin supa gulu yana sa gilashin nan ya yi fari fat kamar an shafa masa alli, kuma yana bushewa kafin ka daidaita abu. Shi ya san yadda zai yi, tayoyi ana huda su a sa siririyar waya a ciki su ma fi da ƙarfi, fiffike ana mayarwa a cike a sake fenti. Gilashin ne mai wuya dan tsagar roba mai haske bata ɓoyuwa, sai dai a nemi wani, kuma ana samu, akwai kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan ɓangarorin daban. In kina da ɗan abin hannunki na adashi ko sana'a ki ce ke zaki biya kuɗin gilashin. Ba tsada zai yi kamar kwalin ba, amma ma'anarsa a wurinsa ta fi kuɗin.

Na biyu, bayan ƙura ta lafa, sati ɗaya ko biyu, sai maganar kuɗi. Ki faɗa masa kin ga alat, kin kuma ƙirga kwalaye, eh zai ce me ya kai ki wayarsa, ki amsa wannan ma ki wuce. Kar ki ce ya daina, ba zai daina ba, zai dai ƙara ƙwarewa a ɓoyo. Ki ce masa kin yarda da jiragensa a fili, da rana tsaka, ɗan saƙo ya kawo ki karɓa ki sa hannu, amma da sharaɗi, kuɗin makaranta da cefane da haya su fara fita, abinda ya ga zai iya warewa duk wata ya faɗa da bakinsa ku sani ku biyu, in yana son babban kwali ya tara na wata huɗu biyar ya saya, kuma ba sabon kwali sai ya gama biyu daga na sama. Cikin 14 ɗin ma in ya duba da gaske akwai uku huɗu da ya san ba zai taɓa haɗawa ba, kwalin da ba'a buɗe ba yana sayuwa wurin ƴan uwansa masu harkar, ya sayar ya cike kuɗin Iman, wannan ita ce hanya mafi sauƙi da zai wanke kansa. Ke ma kuma ki yanki naki kason na sha'awa, ko turare ne ko anko, a san da shi, dan kar abin ya zama shi kaɗai ake yi wa awo.

Lokaci ma haka. Ɗaya na dare kullum ya yi yawa ga mai iyali, kina da haƙƙin hira da zama. Ku raba darare, wasu na jirgi wasu naki, kuma a nasa ɗin ba haramun bane ki ɗauki kofin shayi ki shiga ki zauna. Ki tambaye shi wannan wane iri ne, za ki sha mamakin yadda bakin mutumin da kike ganin shiru shiru ne zai buɗe. Tambaye shi ko ya taɓa yin namu na gida. Sojan saman Najeriya da aka kafa a 1964 sun tuƙa MiG-17 lokacin yaƙin basasa, a Kano aka fara sauke su a 1967, daga baya MiG-21 a shekarun 1970, da Jaguar a 1984, ga kuma Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus da ya zo farkon shekarun 1980, shi ne ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, ya dawo ya yi na arewa maso gabas, ga L-39 da ake koyon tuƙi da shi a Kano, ga JF-17 guda uku da aka karɓo daga Pakistan a 2021. Ba kasafai ake samun tambarin kore fari kore a cikin kwali ba, sai mutum ya nema daban ko ya zana da kansa, kuma in ya yi Alpha Jet a 1/72 ko tsawon tafin hannu da ƴan yatsu bai wuce ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na Tomcat ba. Kinga kin jawo shi ga mai araha ba tare da kin ce masa komai ba. Iman ma ya nuna mata, ya gaya mata Kafayat Sanni da ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi a ƙasar nan a 2019, ko ya saya mata ƙaramin kwali mai sauƙi su haɗa tare. Ba na ce lallai sai ta tafi AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, ko makarantar jirgi ta Zariya ba, yaro dai da ya koyi bin zane mataki mataki da haƙurin jiran abu ya bushe bai yi asara ba.

Kwaɗon da ya sa kuwa, ni ban ga laifinsa ba, dama tun farko ya kamata a sa, ba dan ke ba, dan yara. A ɗakin nan akwai reza mai kaifin aska, akwai ƙananan abubuwan da na goye zai jefa a baki su shaƙe shi, akwai tina da gam masu kama wuta. Ki duba min abu ɗaya musamman, in yana zuba tina a robar lemo ko ta ruwa, a daina yau, yara da yawa da haka suke shan kalanzir a gidajenmu. In zai yi feshi taga a buɗe, ya sa abin rufe hanci na masu fenti, ba a ɗakin da yaro zai kwana ba, ke ma in kina da juna biyu kar ki zauna lokacin feshi. Waɗanda ya gama kuma a kai wa masu aluminiyam su yi masa shogilas mai makulli, ƙura bata shiga, hannu baya kaiwa, baƙo ya gani ta gilashi ya yaba ya tafi, ɗakin baƙinki ya dawo.

Na san kuma za'a samu a dangi mai cewa gumaka ne ya tara. Jirgi ba mai rai bane, kamar mota ne ko gida, maganar da malamai ke yi akan surar mai rai ce. In ɗan mutum mutumin matuƙin da ke zuwa a wasu kwalayen ne ke damun wani, da yawa ma basa sa shi dan yana rufe aikin da suka sha a kujera, sai ya bar shi a kwali, in kuma da sauran shakka ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abu ɗaya dai ki ja masa kunne, masu wannan abin suna da son hoton jirgin gaske dan su kwaikwayi launi daidai, to kar sha'awa ta kai shi ɗaga waya a bakin sansanin sojan sama, a halin tsaron da ake ciki kafin ya gama bayanin sikelin 1/48 ya kwana a gadrum. Hotuna sun cika intanet.

Ki fara da yarinyar yau kafin magariba, shi kuma daren nan ko na gobe. In kin yi ki rubuto min yadda ta kaya, kuma ki duba ƙarƙashin kujerar kafin a sake shara, tayar gaba ƙarama ce sosai, nan take gangarawa.